Hanyar Hayaƙi

Da hantsi na shiga garejin Baba Mutari,
jaka arba'in a ninke cikin aljihu.
Na ce, "A cire mini wannan salansa,
a sa mai ruri, mai ƙyalli kamar sabuwar tasa,
in na taso daga Zango a ji ni a Birni,
ƴan Kasuwar Dole su ce ga Lawali nan tafe."

Bai ce kanzil ba. Ya ƙarasa shayinsa,
ya tura kwali ƙarƙashin a-kori-kurar,
ya ce, "Kwanta."

Yashi a ƙeya, warin baƙin mai a hanci.
Shekara uku ina tuƙa gadon ubana,
ban taɓa ganin cikinta ba sai yau.

"Fara daga baki, ba daga wutsiya ba.
Ga bututu huɗu daga ƙirjin inji,
ƴan'uwa huɗu, kowa da ƙofar ɗakinsa,
zaurensu ɗaya. Nan wutar take,
taɓa shi bayan tafiya ka bar fatar yatsa.
Bi shi. Ga wuyan nan mai saƙar waya,
shi ke shanye rawar inji a gargadar hanyar Tanut.
Ga tulu mai saƙar zuma a ciki,
yana rage dafi kafin ya kai hancin jama'a;
ɓarayi sun san kuɗinsa, kai ba ka san sunansa ba.
Sai gangar da kake rainawa:
ɗakuna ne a cikinta,
ƙara ta shiga da fushi, ta yi ta zagaye,
ta gaji, ta fito da sallama.

Wanda ya ƙera ta ya auna bututun
da numfashin injin, kamar tela da wuyan riga.
Faɗaɗa shi babu lissafi, za ka sami ruri,
ƙarfin ja kuwa sai ka neme shi cikin rairayi
da buhu ashirin na barkono a bayanka."

Yatsana ya ci karo da wani tabo,
kumburin walda, mummuna, kamar ɗinkin kaka.
"Wannan fa?"
"Dutsen hanyar Gidimuni ne, shekarar da aka yaye ka.
Ubanka ya ɗaure wurin da gwangwanin madara da waya,
ya shigo nan da rake a baya, yana ta dariya.
Ni na liƙe. Dubi, har yau ba ta saki ba."

Na daɗe a kwance. Bai hanzarta ni ba.

Da na fito ya tayar da inji,
ya danna tsumma a bakin wutsiyar,
ya ce in kasa kunne.
Can gaba, wajen zauren nan,
wani abu na huci, fus, fus,
ga kunkunniya ta zana layi gefen noti.
"Kanka na sarawa a doguwar tafiya?"
Na ce tun bara. Na zargi rana, na zargi rashin barci.
"Hayaƙi ne. Gaba yake zama, kusa da kai,
fasinja ne da bai taɓa biyan kuɗin mota ba."

Faifan haɗi guda, robar rataye biyu,
jaka uku da rabi har da aikin hannu.
"Mai ƙyallin fa?" na ce, don ban haƙura ba.
"Tana nan a ƙusa, ba ta ruɓewa.
Ranar da ka san abin da kake nema a wurinta
bayan idon mutane, dawo mu auna."

Jiya da asuba na dawo daga Mirriya,
kaina garau kamar ruwan randa.
Na shigo lungunmu a giya ta biyu.
Akuyar maƙwabta ba ta ko ɗaga kai ba,
Birni bai ji ni ba, Zango ma haka.
Na tarar da Zuwaira tana barci,
hannunta ɗaya a kan kunnen uwarta,
na cire takalmi a bakin ƙofa.