Na Ɗari da Goma Sha Bakwai

Sun ba ni bik biyu, da fitila,
da riga mai tambarin lameri.
Suka ce: daga bakin gada har Katako naka ne,
ka fara in masu shayi sun kife kofuna,
ka gama kafin ladan ya yi gyaran murya.

Takardar duk gidaje ce, kamar ta dara:
gidan suna, gidan shekaru,
gidan sau nawa aka kwantar da kai likita bana,
gidan sau nawa ka kwana hannun ƴan sanda.
Takarda cike da gidaje,
masu shiga cikinta ba mai ko ɗaya.

Na ƙirga bakwai ƙarƙashin teburan masu tumatir,
na tsaya ina tambayar kaina ko tebur rufi ne.
Na ƙirga tsohuwar da kogi ya cinye wa ɗaki a Saga,
ita da jikoki uku cikin sange ɗaya.
Ta ce in rubuta tana da gida,
ruwa ne ya ara, bai maido ba tukuna.

Na ɗari da goma sha bakwai
cikin burwetinsa na same shi,
kai a kan buhu, ƙafafu na lilo waje.
Ya ce: kashe fitilar, ɗan'uwa, batir kuɗi ne.
Harshensa na Adar, ko a duhu ba ya ɓoyuwa.

Suna?
Kada ka rubuta.
A garinmu, can bayan Tawa, Abijan suka san nake.
Uwata na gaya wa mata bakin rijiya ina da shago,
shekara shida ke nan tana ƙara masa kanta.
Takarda na da ƙafa, malam.

Na bar gidan suna fari fat.

Likita? Sau biyu:
masassarar damina, da ranar da kamiyo ya take masa yatsa.
Ƴan sanda? Huɗu,
duk ranar da manyan baƙi za su wuce aka share hanya.

Sai ya juyo da tambayar:
me za a yi da wannan lissafi?
Na faɗa masa yadda aka faɗa mana a biro:
don a san nawa kowannenku ke ci wa gwamnati,
gadon likita, ruwan allura, man motar sintiri,
da likkafani, in ta kai ga haka.

To ni nawa na ci?

Na kunna fitila, na tara, na faɗa masa a hankali
kamar mai sanar da rasuwa.
Ya maimaita da yatsunsa, har da karyayyen.
Dariya ta kama shi, burweti na ƙara.
Ashe ni mai tsada ne ban sani ba!
Ɗaki a Talaje jikka goma ne a wata.
Ka ce su ba ni kuɗin kamun,
in kama kaina,
in rufe ƙofa ta ciki.

Na duba sama da ƙasa.
Takardar ba ta da gidan shawara.

Da hantsi Madam Gambi ta karɓi ƙunshin,
ta lashi yatsa, tana buga su ɗaya-ɗaya cikin na'ura,
sanyin injin na kaɗa mata gyale.
Wannan fa, ba shi da suna?
Na ce barci yake.
Ta sa masa lamba, ta wuce.

Na isa Bukoki rana ta take.
Mai gida ya riga ni:
wata uku, da alli, a jikin ƙofata,
ya ja layi biyu ƙarƙashi.
Na sa hannu aljihu neman makulli,
na taɓo takarda ɗaya da ban cika ba,
da bik na biyu
wanda ba wanda ya tuna ya karɓa.