Sakan Goma Sha Ɗaya

Shekara goma sha tara ina gyaran waya a PZ,
rumfa ta uku daga mai shayi.
Na san cikin waya yadda mahauci ya san kayan ciki.
Wadda ta sha ruwa, wadda mota ta taka,
wadda aka buga da bango ranar fushi,
duk na tashe su.

Ran Talata wani ya kawo tasa, lasifika ta mutu.
Na goge, na liƙa, na ce gwada mu ji.
Ya danna.
Sai ga muryar ɗana.

Ga-ga-ga-ga.
An ɗora mata kiɗa, tana juyi kamar injin markaɗe.
Jazuli ne, cikin farar rigar makaranta
da uwarsa ta goge da dutsen gawayi,
tsaye gaban taron muhawara
yana kokawa da kalma ɗaya.
“Gaskiya” yake son ya ce.

Mutumin ya yi dariya har da dafa kafaɗata:
“Ba ka gani ba? Ai duk Zariya ta gani.”
Na ce lasifika ta yi.
Na karɓi dubu da ɗari biyar.
Suna nan cikin gwangwanin kusoshi, ban taɓa su ba.

Sakan goma sha ɗaya ne kacal.
Sun riga ni isa Tudun Jukun,
sun haye Kwangila ba kuɗin mota,
sun kwana Samaru, sun karya a Ƙofar Doka.
’Yan acaɓa na danna masa hon sau huɗu.
Yara a bakin famfo na kiran sa
da sunan da ban yanka wa rago ba.
Waɗanda ba su san ƙofar gidana ba sun rubuta:
a tura shi, batirinsa ya yi sanyi.
Wani ya ce da shi ne, da ya hutar da duniya.
Daren nan uwarsa ta kwashe maganin sauro,
ta kai gidan yayarta a Gyallesu.
Muka kwana sauro na cin mu, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ya daina magana.
Da ma da ƙyar take fitowa, yanzu ta sami dalili.
Rumasa’u ta fasa wa wata baki a aji,
aka kore ta mako biyu.
Na ɗaga hannu zan mare ta,
hannun ya ƙi.

Wanda ya ɗauka ba baƙo ba ne.
Mus’ab ne, ɗan Malam Tanimu,
da ya ci dambu a kwano ɗaya da shi tun suna rarrafe.
Uban ya jawo shi bayan isha’i, riƙe da kunne,
ya sa ya goge a gabana.
“Shi ke nan, an goge.”
Na ce na gode.
Yaya zan gaya wa dattijo
cewa wannan zarar bunu ce,
bunun ma iska ta raba shi gida dubu?

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.
Shekara goma sha biyar, in ya fara magana,
ni ke ƙarasa masa,
don sauri, don kunya, na ce tausayi ne.

Yanzu Asabar yakan bi ni rumfa.
Hannunsa ba ya in’ina.
Yana ɗaukar kusar da ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta,
ya zaunar da ita daidai.
Jiya ya ɗago wata waya, ya dube ni,
leɓensa ya fara rawa.
Ba-ba-ba.

Na san abin da zai ce.
Kwastoma biyu na tsaye, ɗaya na duba agogo.
Na ajiye sukudireba.
Na jira.