Taku Uku

Shekara talatin ina yankan yadi a Kwari,
ban taɓa neman tef ba, ido ya ishe ni.
Yau ga ni a filin golf bayan la'asar,
taku uku tsakanin ƙwallo da rami
sun zame mini Kano zuwa Gashuwa.

Bugun farko ta toge a baki, kamar baƙuwa.
Na biyu ta leƙa, ta kewaye, ta wuce abinta.

Tanimu mai ɗaukar jaka, sa'an autana,
ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya:
"Alhaji, ƙasar ta ɗan karkata hagu.
Kada ka shaƙe sandar, ba ɓarawo ka kama ba,
riƙe ta kamar ƙwai.
Kafaɗa ke aiki, wuyan hannu ya yi barci.
Kuma daina ɗaga kai,
rami ba ya ƙaura,
kunne zai kawo maka labari."

Na sunkuya. Na sauke numfashi.
Na tura, ban duba ba.

Shiru.
Hankaka ya yi kuka kan darbejiya.
Sai ƙwal!

Tanimu ya ciro ta, ya mayar inda take:
"Saura arba'in da tara kafin magariba."