Ranar da Aka Sauke Faifai

Ranar Laraba Besmir ya hau rufina da sufana.
Noti huɗu suka kwance, na biyar ya ƙi,
tsatsa ta riƙe shi riƙon mai bin bashi.
Ina ƙasa, na dafe tsani,
ina ta cewa a hankali, ɗan nan, a hankali,
ban san ko da jikana nake ba, ko da faifan.

Shekara talatin yana can, fuskarsa a kudu,
tun ranar da Ndrek ya turo shi daga kasuwar Shkodër
ɗaure a bayan keke.
Kuɗin maraƙinmu ne ya tafi a kansa.
Na yi kwana uku ban ce wa mutumin uffan ba.
A na huɗu ya hau sama yana juyawa, ni ina bakin taga.
"Ya fito?"
"Tsaki ne kawai."
"Yanzu fa?"
"Koma baya kaɗan. Tsaya! Tsaya nan!
Ga wata mata tana sayar da sabulu da Italiyanci!"

Daren nan unguwa ta kwana a ɗakinmu.
Pashk ya zo da kujerarsa, Tefta da kofinta,
yara suka jeru a ƙasa kamar takalma a ƙofar gidan biki.
Ba mu jin ko kalma ɗaya,
amma mun yi dariya duk inda muka ga an yi.
In hadari ya taso daga tafki, hoto ya tsinke,
sai mu zauna jiran sama ta huce,
a nan ne ake ƙulla aure, a nan ake yafe bashi.

Yanzu ɗana ya aiko daga Torino da wani abu,
tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba.
An soke shi a bayan talabijin.
Besmir ya ce, kaka, komai na duniya yana ciki,
ba jiran ƙarfe takwas, ba hawa rufi,
kuɗin wata ma bai kai rabin na da ba.
Na ce to. Zamani riga ne.

Gaskiya ne, komai na ciki.
Nakan yi rabin sa'a ina zaɓe
har miya ta huce, ban zaɓi komai ba.
Wani lokaci ɗan zobe ya fito tsakiyar allo
yana ta juyi, yana ta juyi,
babu wanda zan leƙa taga in ce wa koma baya kaɗan.

Pashk bai sauke nasa ba.
Daren ƙwallo nakan ji ihunsa ta katanga,
a gidansa an riga an ci,
a nawa ɗan wasan bai ma ɗaga ƙafa ba.
Sai in zauna da labarin a bakina
ina jiran abin da ya riga ya wuce.

Shekaranjiya barci ya sace ni a kujera.
Da na farka, allon ya yi duhu, da rubutu a kai:
Har yanzu kina kallo?
Shekara shida ke nan da binne Ndrek,
ba wanda ya tambaye ni haka da tsakar dare.
Na amsa da ƙarfi, ina nan.
Sannan na ji kunya, na nemi rimot.

Faifan kuwa ban bari an kai shi bola ba.
Sheƙar tsattsewa da ke bayansa na mayar ƙarƙashin rufi.
Na wanke shi, na ɗora a kan duwatsu uku a tsakar gida,
na shanya ɓauren bana a ciki.
Har yau sama yake kallo,
kuma da hadari ya taso daga tafki
nakan bar duniyar nan duka tana jira a allo
in fita da gudu, in kwashe.