Awo a Siton Taba na Kavala

Da hantsi Lambros ya buɗe mini ƙofa,
makullin ya kai tsawon tafin hannuna.
Ya ce, "Taka a hankali, 'yata,
katakon hawa na uku ya gaji da mutane."

Na kafa na'ura bisa ƙafafunta uku.
Jan ɗigon haske ya keta duhu
ya dira a bangon gabas:
mita arba'in da ɗaya da 'yan kai.
Na rubuta.

Shekara sittin rabon a baza ganye a nan,
amma warin taba bai ji labarin an rufe ba.
Yana kwance cikin ginshiƙai,
ya bi ni har cikin gashi.

A takardar masu kuɗi
nan za a jera takalma,
can kwalaben turare,
matakala mai tafiya da kanta za ta huda
daidai inda tantabaru suka saka ƙwai.
Nawa aikin in faɗi bangon da zai ɗauki nauyi
da wanda za a ce wa sannu da aiki.

Na ƙwanƙwasa ginshiƙi, ya amsa da ƙarfinsa.
Na soka tsinke a gungume, ƙwaro ya riga ni.
Danshi ya hau bangon teku har ƙugu,
gishiri ya yi masa furfura.

Gefen taga ta bakwai na ga zanen fensir,
layi bisa layi kamar haƙarƙari,
kowanne da shekararsa.
Lambros ya goge tabarau da bakin riga.
"Uwata ce, Evdokia. Nan take tsintar ganye.
Duk bazara sai ta jingina ni ta auna."
Layin ƙarshe bai kai kafaɗata ba.
Ban tambayi abin da ya tsayar da awon ba,
shi ma bai ce ba.

Fom ɗina na da gurbin tsaga,
gurbin tsatsa, gurbin ruɓa.
Ba shi da gurbin yaro.
Duk da haka na ja tef:
mita ɗaya da santi talatin da biyu.
Na rubuta: bango lafiya lau, kada a shafe.
Akwai 'yar tsaga can ƙasa,
na sa ta a shafi na gaba.

Da la'asar jirgin Thasos ya yi kuka a tasha.
Lambros ya kulle, ya miƙo mini makullin,
sai ya tuna ba nawa ba ne, ba nasa ba,
ya mayar da shi aljihu.