Mataki na Huɗu

Biyar da rabi nake barin Kubwa,
katin shiga a wuya, ƙosai a leda,
bas tana tari a hawan Katampe,
gwiwata a bayan wani, gwiwar wani a bayana,
haka nake isa ƙofar banki.

Ba bankin da ake ajiya ba.
Nan gwamnatoci ke zuwa neman rance,
mai babbar riga ya ajiye wayarsa a kwandon masu gadi,
ni kuwa na karɓi fayil, na buga hatimi,
na rubuta lamba da jan biro.
Gadar miliyan ɗari biyu ta bi ta hannuna ran Laraba,
madatsar ruwa ta kwana a durowata,
na rufe ta kamar 'yar da barci ya sace a ɗaki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Sunana a takarda: Ladidi Barau, mataimakiyar ofis,
ɗaukar nan gida, mataki na huɗu.
Akwai na biyar, akwai na shida,
daga nan sai rufin kankare.
Na sama ba ta tsaninmu suka hau ba,
jirgi ya sauke su da digiri uku-uku,
ƙofarsu daban, daban mataki.

Albashinsu dala ce, ba ta jin ranar kasuwar Wuse.
Nawa naira ce, ƙanƙara a tafin hannu:
a ba ni ita ashirin da biyar ga wata,
kafin uku ga sabon wata ta zama ruwa.
Amma kar na yi butulci.
Ya ninka na Uwani da ke sakatariya sau uku,
ga katin asibiti:
ran da aka ciro mini Nafi'u da tiyata
ban kai ɗan kunnena wurin maƙeri ba.
Wanda ya ce babu zuma a nan ya yi ƙarya,
da bakin cokali dai ake auna mana zaƙi.

A Kazaure an ce ina bankin Turawa.
Kawu Ila ya bugo: rufin kwano.
Gwaggo ta bugo: kujerar Makka.
Ɗan maƙwabta ya turo takardunsa,
wai in sa baki a ɗauke shi manaja.
Wa zai gaya musu mai ɗaukar tulu
ba shi ke da rijiya ba?
Na ce Allah ya hore, na kashe waya, na ja tsaki.

Malam Dogara direba ya riga ni zuwa.
Wakilai bakwai ya ɗauko daga filin jirgi,
bakwai ya mayar.
Ya koya musu cin masa da miyar taushe,
ya nuna musu inda kwalta ke ƙarewa bayan Kwali.
Kowanne ya tafi da ƙarin girma,
ya bar masa hoto da agogo.
Agogo bakwai, in ji shi yana dariya,
duk abu ɗaya suke faɗa: tashi, lokacin aiki.

Jiya an liƙa sanarwa a allo:
ana neman jami'in ayyuka,
digiri na biyu, Faransanci, gogewar shekara biyar.
Na tsaya karantawa har shayin taro ya huce a tire.
Gogewa kam ina da ninki biyu da ɗoriya.
Rahoton da yaron nan mai gilashi ya gabatar,
ni na daidaita jadawalinsa da taran dare.
Aka tafa masa, na kwashe kofuna,
ba wanda ya yi mamaki.

Yau Asabar, yara sun kwanta.
Na buɗe littafin karatu daga gida,
fitilar caji tana lumshe ido,
ina tauna Faransanci kamar tsakuwa
ko aya za ta ji tsoro.
Wataƙila rufin ya tsage.
Wataƙila in yi ritaya a ƙarƙashinsa
da fansho, da nawa agogon.
Jibi dai Litinin,
titi mai kilomita tamanin yana jirana a kan tebur,
sai na buga masa hatimi kafin ya wuce ciki.