Kwana Ɗari

A Hirtshals, inda iska ba ta gajiya da bugun tagogi,
babana Torkild ya daina ɗaura igiyar takalminsa.
Shekara talatin yana jan taru daga ruwan sanyi,
yanzu in cokali ya faɗi ƙasa
sai ya tsaya yana kallonsa
kamar jirgin da ya tashi ya bar shi.

Ni ina Aalborg, hawa na uku, cikin farar riga.
A kawo mini guntun faifan da ke tsakanin ƙashi da ƙashi,
wanda likita ya ciro daga gadon bayan wani,
bai fi tsokar jatan lande ba.
In shimfiɗa shi a faranti, in hana shi iska,
in jira mako biyu.

Wata rana ba komai.
Wata rana sai ɗigo-ɗigo su tsiro, farare, masu kunya.
Na san su.
Su ne ke fesa wa samari ƙuraje a goshi.
Abin da ke hana mu barci shi ne:
'yan gida ne a can ciki,
suna cin bayan mutum a ɓoye kamar gara,
ko 'yan cin arziki ne
da suka hau wuƙar tiyata daga bakin fata?
Na tambayi farantin. Bebe ne.

Likita Vibeke ta ce: suna nan, ku ba da magani.
Tsoho Preben ya buga tebur, kofinsa ya yi tsalle:
Kwana ɗari ana ɗura wa mutum maganin ƙwayoyin cuta?
Makaranta kuka buɗe musu,
gobe su fito sun fi ƙarfin allurarku!
Na zauna a tsakani da biro a baki.
Kowa da gaskiyarsa, ba wanda tasa ta cika mudu.

Babana ya sa hannu a takardar gwaji.
Rabin mutane za su sha na gaske,
rabi su sha gari da aka dunƙule,
sunan kowa a ambulan, an liƙe.
Sau uku a yini, da ruwa, da burodin hatsi baƙi.

Kwana na goma sha tara zawo ya kama shi.
Ya kira ni yana dariya daga bayi:
Solvej, nawa na gaske ne!
Kwana na sittin ya taka har bakin tashar jiragen ruwa,
ya taɓa igiya, ya shaƙi ƙarnin kifi, ya dawo da ƙafarsa.
Na sittin da ɗaya
ko juyi a gado ya gagara.

Maƙwabcinmu Ejgil ya yi nasa gwajin bara.
Ya miƙe, ya fenti gida, ya yi rawa a bikin 'yarsa.
Da aka buɗe ambulan, gari ya sha.
Har yau bai yafe wa kowa ba,
kuma har yau bayansa lafiya lau.

Daren cikon ɗari na je da jirgin ƙasa.
Kwalba ta ƙare, tana kan taga, haske na ratsa ta.
Ya ce: Ke da kike ganinsu da ido,
suna cikina ko ba sa ciki?
Na ce: Baba, ban sani ba.
Ya daɗe yana kallon teku. Sannan ya ce:
Ni ma sau nawa na ja taru da nauyi,
in ɗauka kifi ne, ashe ciyawar ruwa.
Amma nauyin dai, hannuna ya ji shi.

Ambulan ɗinsa sai bazara.
Da safe ya zauna a bakin gado, ya miƙo ƙafa.
Na durƙusa na ɗaura masa igiyar,
irin ƙullin da ya koya mini a jirgi,
wanda ba ya kwancewa ko ya jiƙe.